Hannun da Ya Daina Jin Wuta: Tarihin Rarrabe Kogon Laka da Cututtukan da Ke Kama da Shi

A garuruwan bakin Tafkin Kainji, daga Yalwan Yawuri har zuwa Wara ta ƙasar Ngaski, wuta abokiyar sana'a ce. Kifin da aka fito da shi da asuba, in ba a sayar da shi ɗanye ba, dole a banda shi kafin rana ta lalata shi, kuma mai banda yakan wuni yana juya shi da hannu a kan ragar ƙarfe. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san cewa hannu yakan janye daga garwashi tun kafin mai shi ya yi tunanin janye shi. To, akwai ciwon da yake raba mutum da wannan kariya. Sai ya dafa ƙarfe mai zafi bai sani ba, sai ƙaurin fata ko bororo ya gaya masa abin da ya faru. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, in ƙuda ya sauka a kan wannan hannun, zai ji saukarsa sarai.

A ƙasar Hausa, in aka ga hannu ya mutu haka, yatsu sun fara gyambo ba ciwo, zaton farko kuturta ne, kuma sau da yawa zaton yana kan hanya. Amma ba kullum ba. Likitocin jijiya sun shafe kusan shekara ɗari suna koyon yadda za su raba kuturta da wasu cututtuka biyu da suke zaune a cikin laka, wato igiyar nan fara da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin gadon baya. Ɗaya ita ce kogon laka, wadda likitoci ke kira sirinjomayiliya: ruwa ne yake taruwa a tsakiyar laka ya yi mata rami, kamar karan dawa da tsutsa ta cinye totuwarsa ta bar ɓawo. Ɗayar kuwa ita ce wadda ake gajarta sunanta da MS, inda garkuwar jiki take juyowa ta riƙa cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyi, tana barin tabo nan da can a laka da ƙwaƙwalwa. Asalinsu daban, maganinsu daban, amma a idon mai duba marar lafiya suna iya sajewa har gwani ya ruɗe.

Kogon ne aka fara gani. A tsakiyar ƙarni na 16 wani masanin sassan jiki a Paris, Charles Estienne, ya ba da labarin rami da ya tarar a cikin lakar gawa. Ba a san me zai haifar wa mai rai ba, don haka maganar ta kwanta. Sai a 1827 wani likitan Faransa, Ollivier d'Angers, ya raɗa wa abin suna, ya ɗauko kalmar Girkanci da ke nufin sarewar kara ya haɗa ta da kalmar laka. Sunan ya dace, domin lakar da ciwon ya ci ƙarfinta bututu take komawa.

MS kuwa ta sami wanda ya tsaya mata a 1868. Jean-Martin Charcot yana aiki a Salpêtrière, wani katafaren gidan jinya a Paris inda dubban mata marasa galihu suke zama har ƙarshen rayuwarsu. Wannan ne ya ba shi damar da likitoci kaɗan suka samu: ya bi mutum shekara da shekaru yana rubuta alamominsa, in ya mutu ya buɗe lakarsa ya ga abin da ya jawo su. Ya tarar da tabo masu tauri a warwatse, ya kuma haɗa su da alamu uku da har yau ake danganta su da sunansa: rawar ƙwayar ido, karkarwar hannu lokacin da aka miƙa shi don ɗaukar abu, da magana mai fita gaɓa-gaɓa. Daga baya aka gane cewa masu cutar da yawa ba sa nuna waɗannan ukun tare, amma dai ya kafa mata iyaka, ta zama cuta mai suna.

Wanda ya rage shi ne a gane kogon laka a jikin mai rai. Likitocin Jamus da na Prague ne suka buɗe wannan ƙofa, Friedrich Schultze a 1882 da Otto Kahler a 1888, kuma mabuɗin shi ne hannun nan da yake jin ƙuda amma ba ya jin wuta. Dalilinsa yana cikin yadda aka shirya hanyoyi a laka. Jijiyoyin da ke ɗauke da saƙon ciwo da na zafi da sanyi, da zarar sun shiga laka sai su tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren, kuma mahayinsu yana daidai tsakiya. Waɗanda ke ɗauke da saƙon taɓawa da na sanin inda gaɓa take, ta bayan laka suke hawa, ba sa tsallakawa sai sun kai gindin ƙwaƙwalwa. Kogon da ya tsiro a tsakiya, mahayin nan zai fara katsewa, ya bar hanyar baya lafiya. Da yake yawanci a lakar wuya yake farawa, wurin da ya mutu a jiki yakan bi kafaɗu biyu da hannuwa da saman ƙirji da baya, kamar an yafa wa mutum gajeriyar alkyabba. In kogon ya ƙara faɗi sai ya taɓa ƙwayoyin da ke motsa tsoka, naman tafin hannu ya zaizaye, yatsu su ƙanƙame. In ya ƙara gaba, ƙafafu su sandare.

A nan ne kuturta ta shigo tarihin, kuma ta wata hanya da mai karatu daga Kabi ko Sakkwato zai gane nan take. A 1883 wani likitan ƙauye mai suna Augustin Morvan, a garin Lannilis da ke gaɓar teku a yankin Biritani na Faransa, ya wallafa bayanin wasu marasa lafiya da yatsunsu ke yin irin ƙurjin nan da ake kira ɗan-karkare, yatsun su ruɓe har su gutsure, amma ko ya tsaga su da wuƙa ba sa jin komai. Aka sa wa ciwon sunansa. Shekaru kaɗan bayan haka wani babban likita daga Santambul, Zambaco Pasha, wanda ya daɗe yana nazarin kutare a daular Usmaniyya, ya tafi Biritani a 1892 ya duba irin waɗannan mutane, ya dawo ya ce ba wata sabuwar cuta: tsohuwar kuturtar Turai ce da aka ɗauka ta ƙare, ta lafa a ƙauyuka. Har ya kai ga cewa shi kansa kogon laka, a mafi yawan lokuta, kuturta ce ta sake kama.

Bai kamata a yi wa Zambaco dariya ba. Kuturta ma takan fara kashe jin zafi da sanyi kafin jin taɓawa, takan zaizaye naman hannu, ta ƙanƙame yatsu, kuma hannun da ba ya jin ciwo ƙarshensa ɗaya ne ko me ya kashe shi: ƙuna, gyambo, gutsurewa. Inda ya yi kuskure shi ne da ya ɗauki kamanni a matsayin hujja. Abu biyu suka kayar da shi. Na farko, tun 1873 Gerhard Hansen ya gano ƙwayar kuturta a Bergen ta ƙasar Norway, don haka akwai abin da za a nema a fata da jijiya, a same shi ko a rasa. Na biyu, Joffroy da Achard sun buɗe lakar wasu masu ciwon Morvan a Paris suka tarar da kogo. Daga wannan gardama ne aka tace alamomin da har yau ake koya wa ɗaliban likitanci. Kuturta a wajen laka take, tana son wuraren jiki masu sanyi kamar kunne da hanci da bayan hannu, tana kumbura jijiya har a ji ta kamar igiya a bayan gwiwar hannu ko a gefen wuya, tana fitar da tabo mai haske a fata wanda ba ya ji, kuma galibi ba ta hana gaɓa zabura in an ƙwanƙwasa ta da gudumar likita. Kogon laka ba ya kumbura jijiya, ba ya yin tabo a fata, yana kashe zaburar hannu ya ƙara ta ƙafa, kuma sau da yawa yakan karkatar da gadon baya tun ƙuruciya.

A Arewacin Nijeriya wannan bambanci ba na takarda kawai ba ne. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka damƙa wa mishan ɗin SIM manyan sansanonin kutare na larduna, irin su Amanawa kusa da Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano. Yawuri na ƙarƙashin Lardin Sakkwato a lokacin. Kalmar kuturu ba sunan ciwo ba ce kawai, hukunci ce da take taɓa aure da kwanon cin abinci da wurin zama a cikin jama'a. Wanda aka laƙaba wa ita bisa kuskure ya yi asara biyu: ya ɗauki tsangwamar cutar da ba shi da ita, ya kuma sha maganin da ba zai taɓa kogon da ke wuyansa ba. Yau da ake warkar da kuturta da haɗin magunguna na wata 6 ko 12, kuskuren ya fi sauƙin kamawa, domin wanda ya gama shan magani hannunsa na ci gaba da mutuwa, ƙafafunsa kuma suna sandarewa, ya kamata a sake duba shi daga farko.

Tsakanin kogon laka da MS kuwa, abin da tsofaffin likitoci suka dogara da shi shi ne lokaci. Kogo a hankali yake tafiya, shekara da shekaru, kuma a wuri guda yake. Duk alamominsa ana iya mayar da su ga yanki ɗaya na laka. MS kuwa hari take kawowa ta koma. Matashiya mai shekara 25 ta wayi gari ido ɗaya ya dushe yana ciwo, bayan makonni ya washe. Shekara biyu a tsakani ƙafa ta yi nauyi, ita ma ta saki. Daga baya a riƙa ganin abu biyu-biyu. Babu rami ɗaya da zai iya bayyana ido da ƙafa tare, kuma rami ba ya cikewa ya sake buɗewa. Wannan ne ya zama ƙa'idar da aka rubuta a 1965, aka sabunta ta a 1983, aka sake sabunta ta a 2001 da sunan Ian McDonald: sai an tabbatar ciwon ya taɓa wuri fiye da ɗaya, a lokaci fiye da ɗaya, kuma babu wani bayani da ya fi wannan. Akwai ƙananan alamu da suke taimakawa. Wilhelm Uhthoff ya lura a 1890 cewa ganin wasu masu MS yana dushewa in jikinsu ya ɗumama da motsi, har daga baya aka riƙa sa marar lafiya a ruwan zafi don a gwada shi. Mai kogon laka kuwa tari da atishawa da yunƙuri ne suke tayar masa da ciwon ƙeya, saboda a mafi yawansu ƙasan ƙwaƙwalwa ya zamo ya toshe mashigar da ke gindin ƙoƙon kai, lahanin da Hans Chiari ya bayyana a Prague a 1891.

Duk da haka ana kuskure, musamman in MS ta zo da sigarta mai tafiya a hankali ba tare da hari ba, ko kogon ya hau har gindin ƙwaƙwalwa ya kawo rawar ido da sarƙewar magana, wato alamomin Charcot. Kayan aiki sun zo ɗaya bayan ɗaya, kowanne da gurguntakarsa. Heinrich Quincke ya fara ɗibar ruwan laka da allura a 1891, kuma a 1942 Elvin Kabat ya nuna cewa sinadaran garkuwar jiki suna yawa a ruwan lakar masu MS. A 1921 Sicard da Forestier suka fara zuba wani mai a kewayen laka don ta fito a hoton ƙashi. Wannan yana nuna cewa laka ta kumbura, amma ba ya nuna abin da ke cikinta, ruwa ne ko ƙari. Sai a 1981 Ian Young da abokan aikinsa a asibitin Hammersmith na Landan suka nuna tabon MS a ƙwaƙwalwar masu rai da na'urar hoton maganaɗisu, wato MRI. A cikin ƴan shekaru abin da Charcot sai ya jira mutuwa kafin ya gani ya zama aikin rabin sa'a. A hoton, kogo yana tsakiyar laka, gefensa a tsaftace, launinsa irin na ruwan da ke kewaye da ita. Tabon MS gajere ne, da wuya ya wuce tsawon ƙashin baya biyu, ya fi son gefe da baya, kuma galibi yana da ƴan'uwa a ƙwaƙwalwa.

Wannan duka tarihin Turai ne, kuma littattafan da aka rubuta a can suna ɗauka cewa matashin da lakarsa ta samu matsala, MS ce abin zargi na farko. A can gaskiya ne. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta sa masu cutar kimanin miliyan 2.8, mata sun ninka maza, kuma ta fi yawa a ƙasashen da suke nesa da tsakiyar duniya. Geoffrey Dean ya nuna a 1967 cewa Turawan da suka yi ƙaura zuwa Afirka ta Kudu sun fi waɗanda aka haifa a can kamuwa da ita. A Nijeriya, Benjamin Osuntokun na asibitin koyarwa na Ibadan ya tattara dubban marasa lafiyar jijiya ya wallafa sakamakonsa a 1971, kuma MS da ƙyar ta bayyana a cikinsu. Abin da ya cika masa asibiti daban ne. Ɗaya daga ciki wata cuta ce mai kawo tangaɗi da dushewar gani da kurumta da mutuwar tafin ƙafa, wadda ya danganta ta da dafin rogon da ba a jiƙa shi ya tsumu sosai ba, a wuraren da rogo ya zama kusan shi kaɗai ne abinci. Likitan da ya yi karatu a Landan zai iya ganin tangaɗi da dushewar ido ya rubuta MS, alhali maganar tana cikin tukunya. Ƙarancin MS a Afirka ta Yamma gaskiya ne, sai dai wani ɓangare na ƙarancin na rashin na'urar gani ne, kuma tun da MRI ta shigo manyan asibitoci ake samun masu ita jefi-jefi.

Bakin Kainji yana da nasa abin zargin da babu shi a littattafan Charcot. An fara gina madatsar a 1964, aka kammala a 1968. Ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da gungaye da dama na Kwara, aka tayar da mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari, aka zaunar da su a sababbin garuruwa. Kogin da yake gudu a kan duwatsu ya koma tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000, ga sunkuru da ciyayi a gaɓa, irin wurin da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya suke so. Tun a ƙarshen 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da bincike a yankin saboda wannan cuta. Tsutsar da Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, an fi saninta da fitsarin jini a wurin yara masu wanka da kamun kifi. Amma a wasu ƴan tsiraru ƙwayayenta sukan bi jijiyoyin jini na ƙugu su maƙale a ƙarshen laka. Sai saurayi mai ƙarfi ya fara ciwon ƙugu mai sauka ƙafafu, cikin kwanaki ko makonni ƙafafun su saki, fitsari ya tsaya. A hoto laka tana kumbure, kuma wanda bai tambayi inda marar lafiyar ya fito ba zai iya cewa ƙari ne ko harin MS. Wannan kuskure ne mai tsada, domin maganinsa firazikwantel ne, wanda ake raba wa ƴan makaranta, tare da maganin rage kumburi, kuma wanda aka fara wa da wuri yana da kyakkyawar damar sake tafiya. Sai dai ganin ƙwan tsargiya a fitsari ba ya rufe magana, tunda masunta da yawa suna ɗauke da shi ba tare da ya taɓa lakarsu ba.

Akwai kuma tarin fuka na ƙashin baya, mai ƙusumbi da danne laka. Akwai cutar da Eugène Devic ya bayyana a Lyon a 1894, mai kama ido da laka tare, wadda aka daɗe ana ɗaukarta reshen MS har zuwa 2004 da Vanda Lennon da abokan aikinta a Amurka suka gano sinadarin jini da ya keɓanta da ita. Ta fi addabar baƙar fata da mutanen Asiya, tabonta a laka dogo ne, ƙashin baya uku ko fiye, yana tsakiya, har yakan yi rami ya yi kama da kogo. Wasu magungunan MS suna ƙara mata ƙarfi, don haka saka ta a jakar MS ba ƙaramar ɓarna ba ce. Shi kansa kogon laka, a nan ba lallai ya zo daga lahanin haihuwa ba. Yana iya biyo bayan karayar gadon baya daga faɗuwar babur ko faɗowa daga bishiya, wani lokaci bayan shekaru da yawa, ko bayan sanƙarau ya bar tabo da ya hana ruwan laka zagayawa. Kabi tana cikin ɗamarar sanƙarau, kuma annobar 1996 ta ratsa Arewa da dubban rayuka.

Na'urar ma ta zo da nata ruɗanin. Da ake ɗaukar hoto da yawa sai aka riƙa ganin siririn layin ruwa a tsakiyar lakar mutane masu lafiya, ragowar magudanar da kowa ke da ita tun yana ciki, wanda ba ya buƙatar komai. Ana kuma samun ƙananan ramuka a lakar wasu masu MS. Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa shi da labarin marar lafiya da taswirar jikinsa. Kogo na gaske mai ci gaba aikinsa na likitan tiyata ne, wanda yakan buɗe gindin ƙoƙon kai ya ba ruwa hanya. Tiyatar galibi tana tsayar da ciwon ne, da wuya ta dawo da naman hannun da ya riga ya tafi, shi ya sa shekarun da aka ɓata ana zagaye da sunan wata cuta ba sa dawowa.

Irin wannan tiyata ta fara a Nijeriya da Latunde Odeku a Ibadan a farkon shekarun 1960. A Arewa maso Yamma, cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafa ta, ita ce ta zama madogara. Daga Shanga ko Yalwa tafiya ce ta sa'o'i, ta Koko da Jega, ga kuɗin mota, ga kuɗin hoto, ga ɗan rakiya da zai bar gona ko koma. Wanda zai yanke shawarar wa za a tura, ma'aikacin lafiya ne na ƙaramin asibiti, kuma kayan da yake buƙata ba su wuce na Kahler a 1888 ba: allura, ɗan auduga, kwalba biyu, ɗaya da ruwan ɗumi ɗaya da na sanyi, da yatsan da zai laluba bayan gwiwar hannu ya ji ko jijiya ta kumbura. Sai tambayoyi: yaushe abin ya fara, ya taɓa tafiya ya dawo, ido ya taɓa dushewa, tari yana tayar da ciwon ƙeya, an taɓa faɗuwa ko yin sanƙarau, fitsari ya taɓa fita da jini. Mai tabo a fata da kumburin jijiya, sashen kuturta ne nasa. Wanda ƙafafunsa suka saki cikin mako biyu fitsarinsa ya tsaya, ba ya jiran ranar kasuwa. Mai banda da yake jin auduga amma ba ya bambanta kwalbar ɗumi da ta sanyi daga kafaɗa zuwa yatsu, fatarsa kuma ba tabo, shi ne ake rubuta wa takardar hoton wuya.